Takardar Ɗakin Umma

Injiniya Izzuddeen mutum ne da bai taɓa faɗuwa binciken kowa ba, kuma ba ya bari ka gama shan shayi a gidansa ba ka ji hakan daga bakinsa ba. Shi ne mai kula da inganci a wani kamfanin gine-gine da ke aikin hanya a wajen Hatta, can cikin duwatsun Dubai, kuma dabararsa guda ce tun da ya fara aiki. Ranar da masu bincike za su zo sai a fito da sababbin hulunan kwano daga sito a raba wa leburori, a yi shara, a shafa fenti, a ɗauki hoto. Motar masu binciken na karya kwana a tattara hulunan a mayar cikin ledarsu. Wannan shi yake kira ƙwarewa. Bangon falonsa na sama ya cika da takardun yabo cikin gilashi, har da ta wani kwas na yini biyu da ya yi rabinsa yana gyangyaɗi.

Matarsa Nafi ta daɗe da daina kallon bangon, sai dai ita ke goge shi. 'Yar Nijar ce, haifaffiyar Arlit, ta yi karatunta da Faransanci, ta zo Dubai tana taya yayarta aika kaya gida kafin Injiniya ya gan ta a wani ofishin kago a Deira. Yana son ta, ba a hana shi wannan ba. Amma a ransa duk ilimin da ba da Turancin Ingilishi aka yi shi ba, rabin ilimi ne, kuma in Nafi ta faɗi wani abu mai ma'ana yakan dube ta kamar yadda ake duban yaron da ya yi sa'ar cankar amsa.

Gidan da suke haya a jikin dutse aka gina shi. Duk Asabar abokansa da ke cunkushe a ɗakunan Hor Al Anz da Abu Hail, unguwannin Deira, sukan cika mota biyu su tuƙo har Hatta, su ci tuwo, su tsaya a barandar sama suna kallon duwatsu, shi kuwa yana buɗe hanci yana cewa su shaƙa da kyau, irin wannan iskar ba a sayar da ita a Deira. Kafin su tafi dole ya sauko da su ƙasa su gaida mahaifiyarsa, su kuma ga ɗakin da ya ba ta. Ɗakin baya ne, rabinsa a cikin dutsen yake, ko a tsakiyar zafin Yuli sanyi ƙalau. Umma ba ta iya hawa bene saboda gwiwa, don haka nan take sallarta, nan take cin abinci, nan take sauraron rediyonta. Taga ɗaya ce ƙarama can sama, ba a taɓa buɗe ta ba, ƙarƙashin ƙofa kuma Umma ta cusa tsohon tawul don kada sanyin na'ura ya tsere. Baƙi su yi ta sa wa Injiniya albarka, shi kuma ya sunkuyar da kai irin na mai tawali'u yana satar kallon wanda bai yaba ba.

Tun ranar farko Nafi ba ta so ɗakin ba. Ta ga tsagar da ta ratsa daɓen daga gindin gado zuwa bango, ta ga ramin da bututun ruwa ya fito ta cikinsa ba a toshe gefensa ba, sai ta tuna babanta. Souleymane shekara goma sha tara ya yi yana shiga ƙarƙashin ƙasa a mahaƙar yuraniyom, da wani ɗan abin awo maƙale a ɗamararsa. Shi ya gaya mata akwai iskar da ke fitowa daga dutse da ƙasa, sunanta radon, ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa atishawa. In ta sami fili sai ta watse, in ta sami rufaffen wuri sai ta taru, ta yi ta cin huhun mutum a hankali shekara da shekaru. Bai taɓa sa sigari a bakinsa ba, amma tari ne ajalinsa yana da hamsin da huɗu. Nafi ta san duk wannan, ta kuma yi shiru shekara uku, don amarya ba ta shiga gida ta fara da kushe ɗakin surukarta. Wannan shirun daga baya ya dame ta ƙwarai.

Abin da ya buɗe mata baki yaye ne. 'Yarsu Muhsinat ta shekara ɗaya da rabi, Umma ta fara shiri tun da wuri: ta sa an sayo ƙaramar katifa, ta ce ƙawarta a wajenta za a yaye ta kamar yadda aka yaye ubanta a ɗakin kakarsa a Ƙoƙi, cikin birnin Kano. Kowa ya san yadda irin wannan yayen yake ƙarewa. Yarinya ta shiga ɗakin kaka da sunan mako biyu, sai ta zama 'yar ɗakin.

Da safe Injiniya na ɗaura agogo Nafi ta ce, “Abban Muhsinat, ban ƙi ba. Amma sai an gwada iskar ɗakin tukuna.”

“A gwada me?”

Ta yi masa bayani. Ya saurara da murmushi a gefen baki, ta gama ya ce, “Madam, nan fa Dubai ce, ba ramin Arlit ba. Ƙasar da ta gina benen da ya fi kowane tsawo a duniya ce za ta bar iska mai guba a ɗakin tsohuwa? Haba!”

“Dutse bai san sunan ƙasa ba,” in ji ta. “Mai yiwuwa ba komai. Gida biyu na jere, ɗaya lafiya ɗaya ba lafiya, ba mai sani sai an auna. Wata uku ne kawai, voilà. In ya fito lafiya ni da kaina zan ɗauki katifar in kai.”

“In kuma bai fito ba? Sai a ce Injiniya guda ya ajiye uwarsa shekara biyar a ɗakin da ya faɗi gwaji?”

Nafi ta dube shi. Ta yi maganar huhu, shi abin da ya ji shi ne faɗuwa. Da yake ta san mijinta, sai ta ce masa ai in an gama awon har takardar shaida ɗakin gwajin ke aikowa, da hatimi. Nan take fuskarsa ta sauya. Ya ce to, khalas, ta yi odar abin, ba don ya yarda ba, don dai a zauna lafiya.

Bayan kwana goma abin ya iso cikin ambulan. Wani ɗan baƙin ƙoƙon roba ne, bai fi murfin kwalbar man shafawa ba, da takardar umarni: a ajiye shi a ɗakin da ake kwana, nesa da taga da ƙofa, kada a taɓa shi, kada a sauya masa wuri, a ci gaba da zama kamar kullum har kwana casa'in. Nafi ta durƙusa gaban Umma ta karanta mata da Hausa dalla-dalla. Umma ta saurara tana jan carbi, fuskar nan a murtuke.

“Wato ɗakina ne ke wari.”

“A'a Umma, wallahi ba maganar wari ba ce. Ita wannan iskar ba a jin ta.”

“Abin da ba a gani, ba a ji, ba a shinshina, shi za a kafa mini mai gadi a kansa? Ni da nake turare safe da yamma? Tun ina yarinya duba-gari ke shiga gidanmu, ba su taɓa samun ko tsutsa ɗaya a randar uwata ba. Sai yanzu da tsufana za a aiko mini duba-gari a ambulan.”

Injiniya da ke tsaye bakin ƙofa ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce kada Umma ta damu, duba-gari ai an san yadda ake yi da su. Nafi ta ɗauka zolaya ce. Ta taka kujera ta ɗora ƙoƙon a saman kabad ɗin kayan Umma, inda hannun Muhsinat ba zai kai ba, ta rubuta ranar a bayan ambulan ta adana.

Wata ukun nan Umma ta yi su tana amsa gaisuwar Nafi da ƙyar. Turaren wuta kuwa ya ninka, har sai hayaƙi ya riƙa fitowa ta gefen tawul. Nafi ba ta sake taka kujerar ba, don ba a ganin suruka tana leƙen saman kabad ɗin uwar miji kamar mai neman abin da aka ɓoye. Sau biyu dai ta tambaya, “Umma, abin nan yana nan ko?” Umma ta ce, “Yana inda ya dace.” Ranar da kwana casa'in suka cika Nafi ta hau ta ɗauko shi. Yana nan daidai inda ta ajiye, sai dai saman kabad ɗin duk ƙura, shi kuwa ƙoƙon sai ƙyalli yake kamar yau aka ɓare shi. Ta ce a ranta Umma da tsabta, har wannan sai da ta sa aka goge.

Ta aika shi ɗakin gwaji, sakamako ya zo bayan mako uku. Takardar ta ce abin da ya haura ɗari a fara tunani, abin da ya kai ɗari uku a yi gyara ba jinkiri. Lambar ɗakin Umma goma sha huɗu ce. Nafi ta karanta sau uku, ta zauna a matakala ta yi kuka na murna, don wata ukun nan ba ta yi barcin kirki ba. Ta sauka ta durƙusa ta ba Umma haƙuri. Umma ta kau da kai ta ce ba komai, ya wuce. Da la'asar Nafi ta ɗauki ƙaramar katifar a ka, ta kai ɗakin da kanta kamar yadda ta yi alkawari, ta shimfiɗa ta a ƙasa kusa da gadon Umma, daidai kan tsagar nan.

Injiniya bai ɓata lokaci ba. Kafin Asabar takardar ta shiga gilashi mai bakin zinariya, an ɗauke ta kwas ɗin gyangyaɗi an rataya ta a gurbinta. Abokai na zuwa ya tsayar da su gabanta, faranti a hannu.

“Ku karanta, habibi. Goma sha huɗu! Madam ce ta ce dutsen Hatta na fitar da guba, an taso mu da ilimin Faransa. Na ce yalla, a gwada. Ni fa ba a taɓa kama ni da faɗuwa ba, ko a site ko a gida.”

Aka yi dariya. Wani Shu'aibu, malamin jami'a mai son a san ya yi karatu, ya ce ai matsalar mutanenmu ke nan, su karanta abu a waya su ɗauka likitoci ne. Shi da ko sunan iskar bai taɓa ji ba sai ranar. Nafi ta ajiye musu jug ɗin zoɓo ta fita tana murmushi. Su yi ta dariya har gobe, ita dai 'yarta na kwana a ɗaki mai lafiya.

Muhsinat ta zama 'yar ɗakin kamar yadda kowa ya sani za a yi. Can ta koyi magana, da Hausar tsofaffin Kano, har tana ce wa uwarta “ke yarinya”. Can take barcin rana, can take na dare, can take baje kayan wasanta a ƙasa tana tura 'yan motoci cikin tsagar daɓen wai titi ne. In aka hau da ita sama sai ta yi ta kuka sai an mayar da ita wajen ƙawarta. Haka aka yi shekara biyu da rabi.

Sai Umma ta fara tari. Aka ce sanyin na'ura ne, aka ba ta zuma da citta. Aka ce turare ne, ta ce turaren da ta shekara sittin tana yi ba yau zai juya mata baya ba. Da ta fara ramewa, zanenta na kwancewa da kansa, aka kai ta asibiti a cikin gari. Hoto ya nuna ƙari a huhun dama, kuma ya riga ya yi nisa. Likitar, wata 'yar Sudan mai magana a hankali, ta yi ta jero tambayoyi, Nafi na fassara wa Umma. Tana shan taba? A'a. Akwai mai sha a gidan? Babu. Ta yi girki da itace? Shekara arba'in. Ɗakinta a ƙasa yake ko a sama, kuma an taɓa auna radon a gidan?

“An auna,” in ji Injiniya, tun likitar ba ta rufe baki ba. “Muna da certificate. Fourteen.”

Ya faɗa da ƙarfi fiye da yadda ɗakin ke buƙata. Nafi ba ta kai ga fassara tambayar ba, amma Umma ta ji kalmar satifiket, ta juyar da fuskarta bango. Nafi ta lura, ta ɗauka gajiya ce.

Kwana huɗu da dawowarsu gida, Umma ta ce a nemo mata hotonta na lokacin da take da jiki a aika wa ƙannenta Kano, kada su fara ganin ta a haka. Nafi ta zauna a kicin da hantsi tana ja da baya cikin hotunan zauren iyali na waya. Aiki ne mai tsawo, don Injiniya ba ya shan ruwa bai ɗauki hoto ba. Ta wuce shekara ɗaya, ta wuce biyu, ta iso Babbar Sallar shekarar yaye. Ga shi nan a barandar falon maza, inda ita ba ta cika shiga ba, cikin farar shadda, hannu ɗaya a kafaɗar Shu'aibu, duwatsu a bayansu. A kan dakalin barandar, bayan tukunyar fulawa, kusa da gwiwar hannunsa, akwai wani ɗan baƙin abu. Ta buɗa hoton da yatsu biyu har fuskar mijinta ta fice daga allon.

Ta tashi ta ɗauko ambulan ɗin nan daga cikin akwatinta ta duba ranar da ta rubuta. Sallar ta faɗo a kwana na arba'in da ɗaya. Ta koma cikin hotunan. Asabar ɗin da ta gabaci Sallah yana nan, ta bayanta ma yana nan, wani hoton har da kofin shayi a gefensa. Wata uku cur ƙoƙon ya yi a baranda yana auna iskar da ba a sayarwa a Deira.

Ba ta yi ihu ba. Ta sauka, ta tarar da Muhsinat kwance rub da ciki a kan daɓe tana zane, hancinta bai fi taki ɗaya daga tsagar ba. Ta sunkuce ta, yarinyar na harbe-harbe tana kiran ƙawarta, ta hau da ita sama ta kunna mata katun. Ta dawo ta janye tawul ɗin ƙofa, ta buɗe ƙofar har bango, ta taka kujera ta daki tagar nan da tafin hannu sai da fentin da ya liƙe ta ya tsage. Sannan ta durƙusa ta miƙa wa Umma wayar.

Umma ta daɗe tana kallo. “Ni na ce ya ɗauke,” ta ce. “Tun daren da kika ajiye. Kada ki ɗora masa shi kaɗai.”

“Umma, don me?”

“Cewa ya yi in abin ya nuna ba daidai ba za a rubuta a takarda da sunansa. Ni kuma in zauna a rubuta ɗana ya ajiye ni a ƙazanta, yaron da bai rage ni da komai ba? Na ce a rufa asiri. Mu haka muka tashi, in duba-gari zai zo sai a wanke randa, a kai awaki maƙwabta, in ya tafi a dawo da su. Ba wanda ya taɓa mutuwa.” Tari ya sarƙe ta, Nafi ta riƙe mata kofi har ya lafa. Da ta sami numfashi ta dubi inda katifar take. “Ita ƙawar tawa fa? Abin yana kama yara?”

Nafi ta so ta yi mata ƙarya, bakinta ya ƙi. Ta ce ba ta sani ba. Umma ta rufe fuska da mayafi, kuma tun da Nafi ta shigo gidan ba ta taɓa jin kukanta ba sai ranar.

Injiniya ya dawo da la'asar yana waya yana dariya. Nafi ta bari ya gama, ta ajiye masa hoton a kan tebur maimakon abinci. Ya duba, ya yi tsuru-tsuru, sannan da yake hali ba ya ɓuya, sai ya fara bayani. Ai ba sauya sakamako ya yi ba, wuri kawai ya sauya. Ai gidan ɗaya ne, iskar sama da ta ƙasa duk ta Hatta ce. Ai kowa haka yake yi, ita ba ta san yadda ake harkar inspection ba ne, ba wanda ke kai wa mai bincike wurin da ya fi muni.

“Wane ne mai binciken?” in ji Nafi.

“Kamar ya?”

“Wa ka ruɗa? Mutanen ɗakin gwajin ba su san ka ba, ba su san Umma ba, ko dubu ta fito ba mai zuwa ya ci ka tara. Ba hukuma ce ta aiko shi ba, ni na saya. Ni ce duba-garin, Abban Muhsinat. Ni ka kai wa awaki maƙwabta, na ɗauki 'yarka a ka na kai ta na kwantar a kan ramin, ina ba uwarka haƙuri.”

Can ya ce, a hankali, ai ba a tabbatar akwai komai a ɗakin ba tukuna. Wannan kam gaskiya ya faɗa, kuma ita ce gaskiyarsa ta ƙarshe da ta yi masa daɗi.

A ranar aka ɗauko Umma a kujera, mutum biyu, aka hau da ita sama. Nafi ta nemo wani kamfani mai wannan aikin, suka aiko ma'aikaci da na'ura mai nuna lamba. Ya sa aka rufe ɗakin yadda Umma ke rufe shi, har da tawul, ya ce a bar shi mako guda. Nafi ta kulle ƙofar ta rataya makullin a wuyanta, ba ta kuma ɓoye dalili ba. Ranar da aka buɗe, na'urar ta nuna ɗari takwas da saba'in. Falon sama talatin. Gidan maƙwabcinsu, da ya ji labari ya roƙa a duba masa, arba'in da biyar.

Abin da ya fi ƙona wa Nafi rai shi ne gyaran. Ta zaci za a ce a rushe ɗakin ko a bar gidan. Wanda ya ba su hayar gidan ya ba da izini a waya cikin minti biyar. Ma'aikata biyu suka zo, suka toshe tsagar da gefen bututun, suka huda daɓen suka zura wani bututun roba da ya bi bango ya fita sama da rufi, da 'yar fanka a jikinsa mai zuƙo iskar daga ƙarƙashi tana watsarwa waje. Ranar Talata suka fara, Laraba kafin magariba sun tattara kayansu. Aka sake awo, lamba ta sauko sittin. Abin da Injiniya ya yi wa wata uku yana ɓoyo da goge-goge, ya kuma jawo tsohuwa cikin ƙarya a kansa, aikin yini biyu ne da fankar da ba ta kai ta banɗaki ƙara ba.

Umma ba ta koma ɗakin ba. Ta rasu bayan wata biyar, a falon sama, ƙarƙashin takardun ɗanta. Likitar ta ce ba wanda zai iya rantsewa a kan abin da ya jawo ciwon, hayaƙin itace na shekara arba'in ma ya isa. Injiniya ya riƙe wannan maganar hannu bibbiyu, yana maimaita ta ga duk wanda ya zo gaisuwa, har da waɗanda ba su tambaya ba. Nafi ba ta ƙaryata shi ba, don ita ma tana da shirunta na shekara uku da take fama da shi.

Amma maganar Muhsinat ba ta da irin wannan mafakar. Sun kai ta an duba, ƙirjinta fes. Likitan yara ya ce yawancin waɗanda suka shaƙi irin wannan ba abin da ke samun su, haɗarin dai ya ƙaru, kuma ba allura ko magani da ke goge abin da ya riga ya shiga. Kada ta kusanci sigari har abada, a kuma gaya wa duk likitan da zai duba ta in ta girma. Injiniya ya gyara zama ya tambaya ko akwai gwajin da za a yi yanzu a ba su takarda cewa ta fita. Likitan ya ce babu. Irin wannan ba ya nuna kansa sai bayan shekara ashirin, talatin, in ma zai nuna.

Baƙin Asabar sun ragu, don Injiniya ya daina kai kowa baranda. Wata ranar Lahadi da rana suna cin abinci su uku, Muhsinat ta kurɓi ruwa da sauri ya sarƙe ta. Tari uku ta yi, irin na kowane yaro, ta goge baki ta ci gaba da tsince wake daga shinkafarta. Cokalin Injiniya ya riga ya faɗi ƙasa. Ya zauna yana kallon ƙirjin yarinyar yana hawa yana sauka, bai sake kai loma ba. Haka yake yi yanzu duk lokacin da ta yi tari, kuma yara ba sa rabuwa da tari.

Da aka kwashe kwanuka ya tashi ya nufi bango, ya kama gilashin nan mai bakin zinariya zai sauke. Nafi na goge tebur, ba ta ko ɗago ba.

“Bar ta nan.”

“Nafi, don Allah.”

“Bar ta inda take. Ranar da Muhsinat ta iya karatu za ta tambayi ko ta mece ce, kai kuma za ka gaya mata. Ai ba ka taɓa faɗuwa ba.”

Ya tsaya hannunsa a kan gilashin. Sannan ya gyara mata zama, don ta ɗan karkace, ya koma ya zauna.